Daga sirdin doki zuwa cutar sikila: Manhajar da ke zana lissafi da sinadarai a wayar hannu

Duk wanda ya bi hanyar Kachia daga Sabon Tasha ya nufi Mahuta, ba zai rasa hango dogayen bututan matatar man fetur ta Kaduna ba. Tun 1980 take tsaye a wurin, kuma a takarda tana iya tace ganga 110,000 a kowace rana, duk da cewa ta shafe shekaru ba ta aiki yadda ya kamata. A 1988 aka ƙara mata sashen sarrafa sinadarai, wanda aka tsara don ya riƙa samar da benzin da kuma wani sinadari da ake kira LAB, wanda da shi ake haɗa omo da sauran sabulan wanki.

A makarantun sakandaren da ke kewaye da matatar, daga Mahuta zuwa Kamazo da Unguwar Boro, benzin ɗin nan yana cikin darasin kemistiri. Malami zai ɗauki alli ya zana wani abu mai kusurwa shida a allo, ya yi da'ira a tsakiyarsa, ya ce da'irar nan gajimaren ilektiron ne da ke sama da ƙasan zoben. Yara su kwafa a littafi. To amma allo ba shi da sama da ƙasa, shimfiɗaɗɗen abu ne. Ɗalibi zai haddace zanen, ya ci jarrabawa da shi ma, alhali bai taɓa ganin siffar abin da yake magana a kai ba.

Wannan matsalar ce dai ke jiran sa a ajin lissafi idan ya samu shiga Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A can za a rubuta masa z = x² − y², a ce ya kwatanta siffar da wannan ƙa'ida ke bayarwa. Da yawa a nan suke fara tsanar lissafi.

Akwai wata manhaja ta kyauta da ke iya nuna masa abubuwan biyu a cikin burauzar wayarsa, ba tare da ya sauke komai daga rumbun manhajoji ba. Sunanta JSmol. An ƙirƙire ta ne don masana sinadarai su riƙa kallon ƙwayoyin sinadari ta kowane ɓangare, amma sai ga shi tana iya zana siffofin lissafi ma, kuma dalilin hakan shi ne abin da ya fi ɗaukar hankali a labarinta.

Yadda ta kusa mutuwa

Asalinta wata manhaja ce mai suna Jmol, wadda wani masanin kemistiri Ba'amurke, Dan Gezelter, ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1990. Ya bar ta a buɗe, wato kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ƙara. Masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka yi ta karɓar ragamarta, har ta zo hannun Farfesa Robert Hanson na Kwalejin St. Olaf da ke jihar Minesota, wanda ya shafe shekaru yana jagorantar aikin.

An rubuta Jmol da harshen kwamfuta na Java. A wancan lokaci, idan kana son shafin intanet ya nuna abu mai motsi irin wannan, sai ka ɗora wa burauzarka wani ƙarin Java. Dubban shafukan koyar da kemistiri a duniya a kan haka aka gina su. Sai matsalar tsaro ta kunno kai, domin masu kutse sun gano cewa ta wannan ƙofa suna iya shiga kwamfutocin mutane. Burauzar Chrome ta rufe ƙofar a 2015, Firefox ta bi sahu a 2017. Wayoyin Android da iPhone kuwa dama can ba su taɓa karɓar irin wannan ƙari ba.

Kafin a kai ga rufe ƙofar, Hanson da abokan aikinsa sun riga sun juya manhajar zuwa JavaScript, harshen da kowace burauza ke ji ba tare da an ɗora mata komai ba. Wajen 2013 sabuwar ta bazu da sunan JSmol. A wurin jami'o'in Turai da Amurka, wannan ceton tsofaffin shafukansu ne kawai. A wurinmu kuwa, inda ɗalibin da ya mallaki kwamfuta tafi-da-gidanka bai kai wanda ke riƙe da Tecno ko Infinix ko itel yawa ba, wannan sauyi ne ya sa manhajar ta zama abin da za a iya amfani da shi tun farko.

Me ya haɗa mai sinadari da mai lissafi?

Ƙwayar sinadari ba ta da fata irin ta lemo. Abin da ke kewaye da ita gajimaren ilektiron ne, mai kauri a kusa, yana raguwa a hankali idan ana nisa, har ya ɓace. Tun daga 1926 da Erwin Schrödinger ya fitar da shahararriyar ƙa'idarsa, masana ke bayyana wannan gajimare da lissafi: ka ba ƙa'idar wuri, ta ba ka lamba, lambar ta faɗa maka yiwuwar samun ilektiron a wurin.

Don a zana abin da ba shi da iyaka, sai a zaɓi lamba ɗaya a ce duk wuraren da ƙa'idar ta ba da daidai wannan lamba, a haɗa su. Abin da zai fito shi ne wata fata mai siffa. Wanda ya yi darasin jogirafi ya san irin wannan a taswira, layukan nan da ke zagaye tsauni suna haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Nan ma haka ne, sai dai maimakon layi a takarda, fata ce a sarari. Umarnin da ke yin wannan aiki a JSmol sunansa isosurface.

Ita manhajar ba ruwanta da inda lambobin suka fito. Ko daga lissafin ilektiron ne, ko daga aikin gida da malamin lissafi ya bayar, duk lambobi ne a wurinta. Shi ya sa aka ƙara wa umarnin wasu rassa biyu, functionXY da functionXYZ, waɗanda ke bai wa mai gina shafi damar ya rubuta tasa ƙa'idar, manhajar ta riƙa tambayarta lambobi tana zanawa.

Ga yadda na farkon ke aiki. Ka ɗauka fili ne aka yanka shi fuloti-fuloti, layi 50 a tsaye, layi 50 a kwance. A kowace mahaɗa, wato wurare 2,500, sai a kafa sanda wadda tsayinta shi ne amsar da ƙa'idar ta bayar a wurin. Inda amsar ta zama ƙasa da sifili, sai a haƙa rami mai wannan zurfi. Daga nan a shimfiɗa zani a kan sandunan. Zanin nan shi ne siffar. A kwamfuta ana ɗinka shi ne da ƙananan yankuna masu kusurwa uku, dubbai, a shafa musu haske da inuwa har ido ya ga kamar abu ne mai sulɓi.

Idan ka ba ta z = x² + y², ƙwarya za ta fito, domin duk inda ka nufa daga tsakiya hawa kake yi. Ka sauya alamar tarawa zuwa ta ɗebewa, z = x² − y², sai ka ga sirdin doki: gaba da baya sun ɗaga, gefe da gefe sun sauka inda ƙafafun mahayi ke rataya. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Zariya ya san siffar nan tun kafin ya ji sunan x da y. Tsakiyar sirdin, wurin da mahayi ke zama, shi ne abin da ke rikita ɗaliban shekarar farko a jami'a, domin ta wata fuska shi ne wuri mafi ƙasa, ta wata fuskar kuma shi ne mafi sama. A allo, bayanin nan yana iya cin rabin sa'a. Idan ɗalibi ya sa yatsa ya juya sirdin sau biyu, ya gama fahimta.

Kuma sirdin ba wasan lissafi ba ne kawai. Idan sinadarai biyu za su haɗu su zama wani sabon abu, masana kemistiri suna kwatanta tafiyar da ƙetare tsauni daga wani kwari zuwa wani, kuma hanya mafi sauƙi takan bi ta wata mashiga mai siffar sirdi. Tsayin mashigar nan ne ke nuna yawan zafin da ake buƙata kafin haɗuwar ta yiwu. Sinadaran da ake zubawa a manyan tukwanen matatar mai don su hanzarta aiki, abin da suke yi ke nan, suna buɗe wata mashigar da ta fi ƙasa.

Reshe na biyu, functionXYZ, ya fi nauyi. A nan ba fili ake yankawa ba, ɗaki guda ake cikawa da ƙananan akwatuna. Kowane akwati yana da kusurwa takwas, kuma a kowace kusurwa ana duba ko amsar ta haura lambar da aka zaɓa ko ba ta kai ba. Idan wasu kusurwoyin sun haura wasu ba su kai ba, to fatar ta ratsa ta cikin akwatin ke nan, sai a zana guntunta. Tunda kusurwa takwas ne kuma kowace tana da hali biyu, yanayi 256 ne kacal ke iya faruwa, kuma duk an tanadi zanensu tun farko. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric, William Lorensen da Harvey Cline, su ne suka wallafa wannan dabara a 1987, kuma ba don kemistiri suka yi ta ba. Sun yi ta ne don a riƙa haɗa hotunan na'urar sikanin asibiti su ba da siffar ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Da wannan reshe, x² + y² + z² = 1 ƙwallo ne. Ka mayar da alamar ƙarshe ta zama ta ɗebewa, x² + y² − z² = 1, sai ga abu mai faɗin sama da ƙasa da siririn ƙugu, kamar kalangu ko turmin daka.

Ba sinadarai kaɗai suka amfana ba. SageMath, babbar manhajar lissafi ta kyauta da William Stein ya fara a 2005, ta shafe shekaru tana aron Jmol don nuna zane-zanenta masu tsayi da faɗi da zurfi, kafin ta koma wata manhajar a 2020.

Abin da ɗalibi zai iya gwadawa yau

Shafukan gwaji na JSmol da ke rumbun Kwalejin St. Olaf suna da ɗan akwatin rubuta umarni. Idan ka rubuta load $caffeine, manhajar za ta ɗauko siffar kafin, sinadarin nan da ke cikin goro da shayi da kofi yana hana barci. Yatsa ɗaya na juya shi, yatsu biyu na ƙara girmansa. Ka rubuta load $benzene ka juya shi gefe, za ka ga lallai shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Ka ɗauko metan, babban sinadarin da ke cikin iskar gas, ka ga yadda ƙafafunsa huɗu suka baje a sarari da tazarar digiri 109.5, ba digiri 90 da zanen allo ke nunawa ba.

Wanda ke fama da darasin gidajen ilektiron ya rubuta isosurface atomicOrbital 2 1 0. Abin da zai fito ya yi kama da gyaɗa mai ƙwaya biyu a cikin ɓawonta. Ya sauya lambobin zuwa 3 2 0, sai gyaɗar ta fito da zobe a ƙugunta. Lambobi ukun nan su ne dai waɗanda ake sa yara su haddace da sunayen n da l da m, ba tare da an nuna musu abin da ke faruwa idan ɗaya ta canza ba.

Wanda rubuta umarni ya yi wa nauyi, akwai shafin MolView, inda ake rubuta sunan sinadari kawai ko a zana shi da yatsa.

Inda abin ya taɓa gida

Idan ana neman misalin da zai sa mutumin Kaduna ya tsaya ya kalla, ba sai an je nesa ba. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadonta. Kusan kowa ya san gidan da ake kwana a asibiti saboda ita, ko auren da aka fasa bayan gwajin jini.

Cutar nan gaba ɗayanta maganar siffa ce. Sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, himoglobin, an gina shi da tubala 574 a cikin sarƙoƙi huɗu. A jikin mai sikila, tubali na shida a biyu daga cikin sarƙoƙin ya canza. Mai son ruwa ya fita, wanda ke gudun ruwa kamar man gyaɗa ya shiga. Linus Pauling ne ya fara nuna a 1949 cewa matsalar a jikin sinadarin take, sannan Vernon Ingram ya gano ainihin canjin a tsakiyar shekarun 1950. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, wannan ɗan wuri mai gudun ruwa sai ya maƙale a wani ɗan rami da ke jikin himoglobin na kusa da shi, shi ma ya maƙale wa na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri. Su ne ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi.

Siffar wannan himoglobin tana ajiye kyauta a rumbun bayanan furotin na duniya, wanda aka buɗe a 1971 da siffofi bakwai kacal, yanzu kuma yana da sama da 200,000. Lambarta 2HBS. Rubuta load =2HBS ya isa a ɗauko ta. Idan aka sa umarnin isosurface ya lulluɓe ta da fata, aka shafa wa tubalin nan launi daban, ɗalibar makarantar koyon jinya za ta ga ɗan tabon da idonta, ta ga ramin da yake shiga. A ganina wanda ya taɓa ganin wannan zai fi iya zaunar da saurayi da budurwa ya yi musu bayanin AS da SS fiye da wanda ya haddace haruffan kawai.

Amma akwai gyara

Abu na farko shi ne nauyi. Filin 50 sau 50 lissafi 2,500 ne, waya ba za ta ko ji ba. Ɗaki mai 50 sau 50 sau 50 kuwa lissafi 125,000 ne, idan aka ninka kowane gefe zuwa 100 ya zama miliyan ɗaya. Duk wannan aiki a cikin wayarka ake yin sa, ba a wata babbar kwamfuta da ke waje ba. Wayar da ke da ƙaramar ma'ajiyar aiki za ta yi zafi, ta tsaya cak, batir ya zube, a unguwar da ba kullum ake samun wutar caji ba. Dabarar ita ce a fara da ƙananan sinadarai da yankan da ba shi da yawa. Lulluɓe babban furotin kamar himoglobin da fata ya fi dacewa da kwamfutar makaranta ko ta shagon intanet.

Data kuwa ba ta kai yadda ake tsoro ba. Buɗewar farko ce ke cin 'yan megabait, bayan nan fayil ɗin ƙaramin sinadari bai kai hoton WhatsApp ɗaya nauyi ba, kuma juya shi ba ya cin komai. Tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025 kowa ke lissafin datarsa, amma darasin awa guda a JSmol bai kai 'yan mintuna a TikTok ci ba. Ana ma iya sauke Jmol ɗin kwamfuta sau ɗaya, a raba wa malamai a filashi, ya yi aiki babu intanet muddin an ajiye fayilolin sinadaran tare da shi.

Babbar matsalar ita ce littafin umarninta. Da Turanci yake, dogo ne ƙwarai, kuma masana ne suka rubuta wa 'yan'uwansu masana. Ɗauko sinadari a juya shi abu ne mai sauƙi, amma zana ƙa'idar lissafi da functionXY yana buƙatar wanda ya ɗan iya JavaScript ya shirya shafin tukuna. Gaskiyar magana, ɗalibin da lissafi kawai ya dame shi, GeoGebra ta fi masa sauƙi nesa ba kusa ba: ya rubuta ƙa'idar, siffa ta fito nan take. Desmos ma ta fitar da nata mai zurfi a 2023. A ɓangaren manyan furotin kuma, sababbin manhajoji irin su 3Dmol.js da Mol* sun fi JSmol sauri. Inda ta yi fice shi ne haɗa abubuwan biyu a taga ɗaya, ta yadda malami zai nuna sirdi yanzu, ya nuna gajimaren benzin bayan minti ɗaya, yara su gane cewa aiki ɗaya ne.

Sai kuma dokar makarantu. Yawancin sakandare ba sa barin ɗalibai su shigo da waya, kuma suna da hujjarsu. Ke nan wayar malami ce za ta yi aikin, ya zagaya da ita benci-benci, ko ya ɗauki gajeren bidiyon allon wayarsa yana juya siffar ya tura a zauren WhatsApp na iyaye. Masu darasin yamma da ke shirya yara don WAEC da NECO da JAMB, waɗanda suka cika Sabon Tasha da kewaye, su ba su da wannan takunkumi.

Masu sa kai sun fassara maɓallan Jmol zuwa harsuna da dama, Hausa ba ta cikinsu. Lasisin manhajar ya halatta wa kowa ya ɗauke ta ya ɗora a nasa shafin ba tare da ya biya ko sisi ba, ya rubuta bayani da harshen da ya ga dama a gefenta. Shafi guda mai maɓallai goma, an rubuta ƙwarya, sirdi, kalangu, benzin, goro, sikila a jikinsu, kowane da sakin layi biyu na bayani da Hausa, aiki ne da bai fi ƙarfin ɗalibin babbar difloma a sashen kimiyyar kwamfuta da ke neman abin da zai yi a aikinsa na kammala karatu ba, in dai ya samu malamin kemistiri ɗaya da zai duba masa bayanin.